Makin da Na Ci Ranar Laraba

Talata, 5 ga Nuwamba, bayan la'asar

Saliha matata ta ce tunda surutun gem, wato wasan waya, ba ya ƙare mini, in riƙa zuba shi a littafi kunnenta ya huta. To ga shi na fara. Ni ne Abdulsamad ɗan Malam Datti, mai riƙe da makullin get na kanal ɗinmu na ban ruwa, kuma ba yabon kai ba, tsakanin Kura da Bunkure ban ga yatsan da ya kai nawa a kan waya ba.

Gem ɗin da ake yayi a guruf ɗinmu na hira a waya makon nan shi ne wanda muka raɗa wa suna Gonar Bature. Mustapha mai gyaran waya a Kumbotso, admin ɗinmu, ya ce bai taɓa ganin gem mai sanyaya rai kamarsa ba. Ina ruwan ɗan birni! Ka danna ruwa ya zo, ka sake dannawa ya tsaya, tumatir ya nuna cikin minti huɗu, babu tsutsa, babu jiran layi, babu mai zaginka don ruwansa ya makara. Na rubuta musu cewa wanda ya ƙera shi ko fangali ɗaya bai taɓa shayarwa ba. Mika'ilu kuwa shanun ciki ya sa wa ido. Ya turo murya yana dariya: "Kaɗo, waɗannan ai ba shanu ba ne, akwatuna ne masu ƙafa. Ba su da suna, ba su san mai su ba." Mika'ilu ɗan Baffa Dattijo ne na rugar bayan kanal. Benci ɗaya muka zauna a firamare, ni in ce masa Ɗan Fillo, shi ya ce mini Kaɗo.

Ruwan gaske ba haka yake ba. Kowace Laraba da safe nake buɗe babban get, 'yan layin sama su yi ban ruwa. Ƙarfe huɗu daidai in buɗe get ɗin tsakiya, ruwa ya gangara ya kwana yana tafiya, da asuba 'yan layin ƙasa su goma sha ɗaya su sa bututunsu. In aka wuce huɗu, 'yan sama sun kwashe bututu sun tafi gida, sai kanal ya cika ya rasa hanyar bi. Shekara ashirin da takwas babana yana wannan aikin, har ana cewa da shi ake saita agogo. Da ya rasu ko shawara ba a yi ba aka miƙo mini makullin, wani ƙarfe mai hannu irin na tada injin niƙa. Yana nan rataye a ƙusarsa ta zaure.

Gobe ni da Ɗan Fillo za mu kara a Ganuwa. Wannan shi ake kira gem: ka gina katanga, ya gina tasa, kowa ya tura mayaƙa, wanda tasa ta fara faɗuwa ya sha ƙasa. Minti ashirin ya ishe ni in gama da shi.

Laraba, 6 ga Nuwamba, 6:05 na yamma

9,840! Dubu tara da ɗari takwas da arba'in! Awa biyu da 'yan kai yana dukan katangata ko tsagewa ba ta yi ba. Na tura hoton sakamako a guruf, kowa ya zo ya kashe kwarkwatar idonsa.

Laraba, bayan sallar isha'i

Na ce wa Saliha ba na jin yunwa. Na wanke takalmina da ƙafar wandona da kaina.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, 11:20 na safe

Kanal ya ɓalle ta gefen gonar Usaini, dab da get ɗin tsakiya. Dashen tumatirinsa na kwana tara ruwa ya kwana a kai, wani ma ya tafi da shi har lambatu. 'Yan layin ƙasa sun fito da asuba da bututunsu sun tarar da kanal a bushe, sai kuma wata Larabar. Usaini yana tsaye cikin laka har gwiwa yana tsintar dashe ɗaya bayan ɗaya, ko ɗago kai bai yi ba. Wallahi gara a ce zagi ya yi.

Sai wani ya nuna sawun kofato, birjik a kan lakar. Shi ke nan, magana ta ƙare tun ba a fara ta ba. "Shanun Dattijo ne!" "Dama mun sha faɗa!" Baba Tambaya, shugaban ƙungiyar ruwa kuma aminin babana, ya ɗaga sandarsa aka yi tsit. Ya juyo gare ni ya ce, "Ɗan Datti, ƙarfe nawa ka buɗe na tsakiya jiya?"

Na ce, "Kamar kullum, Baba."

Ya gyaɗa kai. Wani daga baya ya ce, "Haba Baba, ai tambayar ma ɓata baki ce. Gidansu ba a makara." Na ji daɗin wannan maganar. Allah na tuba, har cikin raina na ji daɗinta. Na je na rufe babban get a gaban kowa, mutane na ta yi mini sannu da aiki.

Juma'a, 8 ga Nuwamba, bayan saukowa daga masallaci

Guruf ya ɗauki zafi a kan makina. Mustapha ya ce ya bincika, a cikin duk waɗanda yake gyara wa waya babu wanda ya haura dubu bakwai. Ni'imatullahi, wadda ke karatun aikin gona a Kadawa, ta ce ita Ganuwa bai yi mata ba, ya cika cin caji, kuma mutum ya shiga sai ya manta a wace duniya yake. Na ce mata ai daɗinsa ke nan. Sannan na yi musu darasi kyauta: kada ka yi gaggawar tsawo, fara kauri tukuna, ka ajiye maharba a kusurwa, ka bar abokin karawa ya gaji da kansa. Sirri biyu na rage ban faɗa ba, ba a koya wa kowa komai.

Ɗan Fillo layi ɗaya ya rubuto: "Ka ci, Kaɗo. Awa biyu da minti ashirin da ɗaya, ban taɓa ganin irinta ba."

To mene ne na ƙirga mintocin? In ka sha kaye ka ce ka sha kaye mana.

Lahadi, 10 ga Nuwamba, 9:00 na safe

An toshe mashaya da ƙaya. Jiya da yamma samarin layin ƙasa suka saro ta suka jibge, daga bakin burtali har gindin gada. Baba Tambaya ya ce a bar ta haka kafin zaman ƙungiya, Asabar 23 ga wata. In zama ya tabbatar shanu ne suka karya gaɓa, rugar Baffa Dattijo ta rabu da mashayar ke nan, kuma ba za a sake barin su shiga cin karan shinkafa bayan girbi ba. Kowa ya san ma'anar wannan. Ruga ba ta zama inda babu ruwa, sai su tattara.

Shekara arba'in suna wurin nan. Da takin shanunsu babana ya raya gonar da nake nomawa, kuma nonon da aka yi furar sunan 'yata da shi, Asta mahaifiyar Mika'ilu ce ta aiko da shi ƙwarya guda, ta ƙi karɓar komai.

Amma ni ban ce shanu ne ba. A duba, ko sau ɗaya ban ambaci saniya ba.

Litinin, 11 ga Nuwamba, 2:30 na rana

Lebul na talatin a Gonar Bature. Tumatirina na can ya yi kyau ƙwarai.

Laraba, 13 ga Nuwamba, 5:15 na yamma

Tun ƙarfe uku ina zaune a bakin get ɗin tsakiya. Huɗu na bugawa na murza. 'Yan sama da ke wucewa suka ce, "Ka ji ɗan halak, ɗan Datti agogo!"

An cike wurin da ya ɓalle da buhunan ƙasa na wucin gadi, amma gefensa yana nan yadda yake. Na tsaya na duba, da ma ban duba ba. Ina shekara goma sha biyu babana ya kama hannuna ya koya mini karatun gaɓa. Ya ce wadda kofato ya karya daga waje take zubewa, gutsure-gutsure, kamar an ci tuwo an rage. Wadda ruwa ya haura kuwa daga sama yake lashe ta, bakin ya yi sumul, kuma zai bar shaidar inda ya kai. Ga bakin nan sumul. Ga layin ƙaiƙayi da tsinke nan a kwance a can saman gaɓa, inda ruwan da aka buɗe wa hanya ba zai taɓa kaiwa ba. Sawun shanun ma a kan sabuwar laka yake, ba a ƙarƙashinta ba.

A duk ƙungiyarmu mutum biyu ne suka iya wannan karatun. Ɗaya idonsa ya yi yana, da sanda yake lalube. Ɗayan kuwa ni ne, kuma ina alfahari da haka, don gado ne ba a makaranta aka ba ni ba.

Na ɗaga ƙafa a kan layin ƙaiƙayin. Na daɗe a haka, sannan na mayar da ita inda take.

Alhamis, 14 ga Nuwamba, bayan magariba

Iya tana zaure tana gyaran wake na shigo. Ba ta kiran sunana, ɗan fari ne ni. Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Kai wannan."

Na ce, "Na'am, Iya."

Ta ce, "Tun da aka kawo ni gidan nan, sau ɗaya na taɓa ganin makullin can ya yi la'asar a kan ƙusa ranar Laraba. A zamanin babanka ke nan. Sai watan nan na ga na biyu."

Na ce wai ko ta ga wayar cajina. Ta ce ba ta gani ba, ta ci gaba da tsince tsakuwa. Ban taɓa jin an ce babana ya makara ba. Iya tsufa ya fara kama ta, ranaku take haɗawa.

Asabar, 16 ga Nuwamba, 1:40 na rana

Kwana takwas Ɗan Fillo bai ce komai a guruf ba, sai yau. Ya turo murya, ana jin iska da kukan shanu a bayansa, numfashinsa sama-sama. Yanzu sai sun yi tafiyar awa biyu zuwa wani tafki ta wajen Bunkure kafin su sha, su kuma dawo. Bai faɗi wannan ba, ni na sani.

Wani sabon gem ya kawo mana, mun sa masa suna Mai Fito. Tsoho ne da kwalekwale yana tsallakar da mutane kogi, babu harbi, babu maki. Mustapha ya ce minti goma ya yi ya goge, barci yake sa shi. Ni'imatullahi ta ce ita kiɗan cikinsa ya tafi da ita, har ta yi hawaye wurin da tsohon ya bar akuya a tsallake. Mika'ilu ya ce, "Ni abin da ya burge ni, babu komawa baya. Sauran gem in ka yi kuskure sai ka sake lodawa kamar ba a yi ba. Wannan kuwa in ka kifar da mutum, gobe 'yan'uwansa za su zo fito, kuma kai za ka tuƙa su."

Na sauke shi don kawai in nuna musu ba wani abu ba ne. Tuƙin ba wuya, cikin awa ɗaya na gane yadda igiyar ruwan take, ai sana'ata ce. Zanen ruwan ma ya fi na Gonar Bature hankali nesa ba kusa ba, wanda ya yi wannan ya san ruwa. Na kifar da wata mata a tsallakawa ta shida. Da mijinta ya zo bakin gaɓa ya zauna a kwalekwalen bai ce komai ba, sai na kashe wayar.

Gem ɗin banza ne. Ban ba shi ko biyu cikin goma ba.

Litinin, 18 ga Nuwamba, 4:50 na yamma

Na shiga in goge hoton sakamakon, na tarar Mustapha ya mai da shi hoton guruf. Wai karramawa ce. Yanzu duk wanda ya buɗe, ga 9,840 ɓaro-ɓaro, ga kuma ƙananan lambobi a ƙasa: farawa 3:41, gamawa 6:02. 'Yan birni ba su san me huɗu take nufi ranar Laraba ba. Mutum ɗaya ne a guruf ya sani.

Kalma ɗaya zan yi wa Mustapha ya cire. Na rubuta, na goge, na sake rubutawa. Haba! Shekara biyu ina neman wannan makin. Yatsuna sun yi kanta a kansa. Ko jikokina sai sun ji labarinsa, sannan in ce a cire kamar abin sata?

Saliha ta leƙo ta kafaɗata ta ce, "Abban Nafisat, wai katangar da ka tsare ɗin nan, wa ke kwana a bayanta?" Na ce mata mata ba su san gem ba. Ta ce haka ne, ta ɗauki tulunta ta fita.

Laraba, 20 ga Nuwamba, 5:30 na yamma

Ina bakin get suka biyo burtali za su koma ruga. Shanun suna jin ƙamshin ruwa suka karkata wajen mashaya, suka yi cirko-cirko a gaban ƙayar. Mika'ilu yana kiran su da suna ɗaya bayan ɗaya yana lallashi. Wata fara mai ciki ta ƙi tafiya, sai da ya rungumi wuyanta ya ja. Duk sun faɗa, ana ƙirga haƙarƙarinsu.

Ya ce, "Kaɗo, sannu da aiki. Yau ka zo da wuri."

Na ce, "Kullum ma haka nake zuwa."

Ya yi murmushi ya ce, "Ina ka kai a Mai Fito?" Na ce na goge shi. Ya ce, "Ka yi gaggawa. Gaba kaɗan akwai wurin da mijin matar nan yake magana." Na tambaye shi me yake cewa. Ya ce in buga in gani, ba a ba da labarin gem. Sannan ya ce Baffa ya tura a duba musu wuri ta wajen kudu, ko da za a buƙata, kuma Inna Asta ta fara ɗaure ƙorai.

Na jira ya faɗi abin da ke bakinsa. Na ma shirya amsa, kala uku. Bai faɗa ba. Fulako ne ko raini, oho. Ya kaɗa shanunsa ya wuce, ya bar ni da makulli a hannu.

Alhamis, 21 ga Nuwamba, 7:10 na safe

Ban goge Mai Fito ba, ƙarya na yi masa. Na kai wurin. Mutumin cewa ya yi, "Kai kaɗai ne a kogin ranar." Shi ke nan abin da ya ce.

Juma'a, 22 ga Nuwamba, bayan la'asar

Na goge makullin da man inji har yana ƙyalli. Na sa waya a caji ta cika fal.

Asabar, 23 ga Nuwamba, 3:00 na rana

An zauna ƙarfe goma a gindin ɗorawar bayan masallaci. Mutum ya fi sittin. Baffa Dattijo ya zo da farar rigarsa, Mika'ilu na bayansa, aka ba su tabarma can gefe. Da aka ba Baffa dama ya ce, "Shanuna sun sha ruwan nan, ban musa ba. Amma da asuba suka same shi a kwance a gona." Wuri ya kaure. Wani ya ce ai ɓarawo bai taɓa cewa shi ne ba. Baba Tambaya ya buga sanda ya ce saura shaidar mai makulli, daga ita sai hukunci.

Na miƙe. Muryata ba ta yi rawa ba, wannan kam zan rubuta. Na ajiye makullin a gaban Baba, na buɗe hoton na miƙa masa wayar. Ya ce shi ba ya gani, wani ya karanta. Na ce Usaini nake so ya karanta.

Usaini ya karɓa ya ƙura ido. Ya ce, "Laraba, shida ga wata. Farawa, uku da arba'in da ɗaya. Gamawa, shida da minti biyu."

Na ce, "A tsakanin nan ina ɗakina ina wasa a waya, makulli yana kan ƙusa. Shida da kwata na isa na tarar ruwa ya riga ya haura ya ɓalle. Na buɗe na tsakiya don a ga kamar a buɗe yake, na gudo gida. Da na rufe babban get a lokacin, Usaini, da rabin dashenka ya tsira. Ban rufe ba, don kada a san na gani. Duk mai shakka ya zo in nuna masa a jikin gaɓa, layin ƙaiƙayi yana nan, ban taɓa shi ba."

Ba zan rubuta abin da aka ce mini ba. Wasu na cancanta, wasu kuma har da babana aka haɗa, shi ne ya yi mini ciwo. Usaini ya ajiye wayar a kan tabarma a hankali ya ce, "Kwana goma sha bakwai kana gaishe ni."

Baba Tambaya ya bari aka gaji, sannan ya ce, "Waccan babbar lambar da ke sama fa, ta mece ce?"

Na ce, "Maki ne, Baba. Babu wanda ya taɓa kai shi." Wallahi bakina ne ya riga ni.

Ya ce, "Madalla. Kwando nawa ke nan na tumatir?"

Hukunci: makulli ya koma hannun Usaini. Irin tumatirin da nake reno don gonata duka nasa ne, ni zan dasa masa da hannuna. Ni zan gina gaɓar, ni zan kwashe ƙayar mashaya yau ɗin nan. Baba ya miƙe da sandarsa ya taka har tabarmar Baffa Dattijo ya ba shi haƙuri a madadin ƙungiya. Baffa ya ce babu komai, zaman tare ya fi haka.

Da aka watse Baba ya riƙe ni. Ya ce, "Ana cewa babanka bai taɓa makara ba. Ya taɓa. Ranar da aka haife ka Laraba ce, yana ƙofar ɗaki yana jiran kukanka har biyar ta wuce. Da gudu ya zo gonata babu takalmi ya ce, Tambaya, na makara, zo mu duba ɓarna. Tun ranar ban ƙara tambayarsa lokaci ba. Kai ma da na tambaye ka, ba lokacin nake nema ba."

A nan ne na yi kuka, ba a gaban taro ba.

Lahadi, 24 ga Nuwamba, 8:00 na safe

Ƙaya goma sha huɗu Saliha ta cire mini a hannu da allura. Ta dafa mini shinkafa da wake da mai da yaji, ta cika kwano kamar na baƙo.

Laraba, 27 ga Nuwamba, 5:45 na yamma

Kwana uku ina jidar ƙasa. Gaɓar da nake ginawa kauri na fara ba ta kafin tsawo, kuma in ta ƙare babu irinta a layin nan, a rubuta a ajiye. Usaini bai fara yi mini magana ba tukuna. Ƙarfe huɗu saura biyar ya zo ya sa makulli, ya murza ta hagu ya ƙi. Na ce masa sai ya ɗan ɗaga kafin ya juya. Ya ɗaga, ya juyu. Bai waiwayo ba, amma ya ce, "To."

Shanu suna mashaya, farar nan ta shiga har ciki. Mika'ilu ya jingine sandarsa ya ɗauki kwanon ƙasa ya kama mini jida ba tare da na roƙa ba. Muka yi sawu uku, sannan na ce, "Ɗan Fillo, kai ka san lokacin tun ranar. Hoton yana wayarka. Me ya hana ka nunawa?"

Ya ce, "In na nuna, Bafillace ne ya sha kaye yake huce haushi. Wa zai saurare ni a gindin ɗorawar nan? Sai dai daga bakinka."

Na ce, "Da na goge fa?"

Ya yi dariya har ƙasa na zuba daga kwanon. "Kai? Ka goge dubu tara? Kaɗo, kullum da safe sai na buɗe guruf na duba, in na ga yana nan sai in ce wa Inna ta dakata da ɗaurin kaya."

Ya ce yana bina ramuwa a Ganuwa, in sa rana. Na ce ya zaɓi duk wadda ya so, ko Laraba ce ƙarfe huɗu, ba ni da aikin komai yanzu.

Da na dawo na tarar Saliha za ta rataye faifai a ƙusar zaure, tunda ta zama fanko. Iya ta ce, "Sauke. Ba ta faifai ba ce."